Wa Ya Cinye Burtali?

A ƙauyukan Katsina da Kano da Jigawa, in mutum ya bi hanyar ƙafa da rani bayan an kwashe amfanin gona, zai riƙa cin karo da layin aguwa ko cini-da-zugu guda ɗaya tal, miƙe a tsakiyar gona, ba ya kare komai, ba ya raba komai. Yaro zai ɗauka wani ne ya dasa don sha'awa. Dattijo kuwa ya san a da layi biyu ne, kuma abin da ke tsakaninsu burtali ne, hanyar da shanu ke bi daga makiyaya zuwa mashaya, ko daga arewa zuwa kudu in kaka ta yi. Ɗaya layin an tumɓuke shi tun tuni, an ta da kunya a gurbinsa.

Ba a rana ɗaya ake cinye burtali ba. Mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya bana, mai gonar hagu ya ga ba wanda ya tanka, shi ma ya ƙara tasa. Tazarar kunya da kunya a huɗar garmar shanu kamar santimita 75 ce, ke nan mita ɗaya da rabi ya tafi a damina guda. Burtali mai faɗin mita 30 zai ɓace cikin shekara 20, kuma babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya yi. Tun kafin ya ɓace ma ya daina amfani, domin garken shanu tamanin ba ya tafiya a jere kamar 'yan makaranta. Da faɗin ya koma mita biyar ko shida, na gefe sai sun kai baki ga zangarniyar dawa, ko da makiyayi huɗu ke biye da su da sanda.

Ra'ayina game da rikicin manoma da makiyaya daga nan ya taso. Ana ta bayyana shi da ƙabilanci, da sauyin yanayi, da yawan jama'a, kuma kowanne yana da rabonsa. Amma ni a ganina babban abin da ya faru shi ne burtali da labi da mashaya sun rasa mai su. A da akwai mutumin da za a kira da suna a tuhume shi in an toshe hanyar shanu. Tsakanin 1968 da 1979 aka ƙwace wannan aiki daga hannunsa, ba a kuma danƙa shi ga kowa ba har yau.

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kowace damina ana ƙidayar shanu don karɓar jangali. Arɗo ko sarkin Fulani ya san rugagen da ke ƙarƙashinsa, hakimi yana da lissafin garkunan da suka yi damina a ƙasarsa, kuɗin kuma baitulmali suke shiga. Saboda haka hakimin da Fulani suka ƙaurace wa ƙasarsa ya yi asara, kuma za a tambaye shi dalili. Wannan ne ya sa dagaci ba ya wasa da hurumin kiwo: in wani ya tura gona cikin burtali, kafin shuka ta kai gwiwa an sa shi ya tuge. In kuma shanu suka yi ɓarna, dagaci da arɗo su je gonar da ƙafarsu, su ƙiyasta dami nawa aka ci, a biya. In an ƙi, ga alƙali, ga ɗan doka.

Kada a ɗauka ina yabon jangali ne. Zalunci ne aka tafka da shi ba kaɗan ba. Ana ƙara wa mutum shanun da bai mallaka ba a lissafi, ana kama saniyar tatsa a sayar da ita a wulaƙance, Fulani na kwana a daji suna ɓoye dukiyarsu, wasu na tsallaka iyaka don gudun masu ƙidaya. Lokacin da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa murna suka yi, kuma suna da hujja. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, tare da jangalin aka zubar da rajistar makiyaya, da kuma dalilin da ke sa hukuma ta damu da ko Bafulatani ya zauna ko ya tashi. Kafin nan an riga an karɓe kotunan alƙalai daga hannun sarakuna a 1968, an narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da hakimi da dagaci masu ba da shawara. Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta zo ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin karkara har hekta 500 don noma, da hekta 5,000 don kiwo. Kashin farko an yi amfani da shi sosai. Na biyun sai dai a karanta a takarda.

To daga nan wa ke da burtali? Dagaci ba shi da ikon hana kowa, amma yana da damar sa hannu a takardar cinikin fili, har ya samu ɗan abin goro. Shugaban ƙaramar hukuma ƙuri'a yake nema, manomi kuwa yana da rumfar zaɓe a ƙofar gidansa, makiyayin da ke wucewa sau biyu a shekara ba shi da ita. Ma'aikatar gona ta jiha tana da taswira a cikin durowa, in gara ba ta cinye ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji suka yanki ɗaruruwan hekta a dazuzzukan da aka keɓe, suka kewaye da waya. Ƙaramin manomi mai ƙara kunya ɗaya laifinsa kaɗan ne in aka gwada da waɗannan.

Gwamnatin Jihar Arewa ta hango matsalar tun da wuri, shi ya sa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke bayarwa sun ce akwai irin waɗannan makiyayu 415, amma waɗanda aka tabbatar da su a gazet, wato jaridar dokokin gwamnati, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Bambancin yana da girma. Makiyayar da ba ta shiga gazet ba, in wani ya noma ta, babu takardar da za a kai kotu. Ko waɗanda suka shiga, irin su Kachia da Wase da Bobi da Wawa-Zange, an gina musu madatsun ruwa da ɗakunan shan magani na dabbobi, aka bar su ba kuɗin gyara, ƙasa ta cike madatsun, famfuna suka mutu.

A daidai wannan lokaci ita ma rayuwar ƙauye ta juya. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba da miliyan 140, yanzu an haura 200. Saurar da ake bari ta huta shekara uku ko huɗu, wadda shanu ke kiwo a cikinta da damina, ta ƙare. Farin 1973 da na 1984 sun koro garkuna daga Sahel zuwa kudu. Amma abin da ya fi tsinka zumuncin manomi da makiyayi, a ganina, shi ne kara da harawa sun zama kuɗi. A da manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani, ya yi masa mashekari, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ƙara masa da damin gero ko ya haƙa masa rijiya. Matan ruga su kawo nono da man shanu su koma da hatsi. Da takin zamani ya shigo da rahusar gwamnati a shekarun 1970, sai darajar kashin shanu ta faɗi. Da garmar shanu ta yaɗu, manomi ya zama shi ma mai shanu ne, yana buƙatar karansa. Da kiwon turke na ragunan layya ya bunƙasa a birane, harawar wake da ta gyaɗa suka zama kayan buhu da ake lodawa a mota. Yau makiyayi yana isowa gona ya tarar an share ta tas kamar tsakar gida, abin da ya rage kuma an ce sai ya saya. Shi a ransa haƙƙin kakanninsa aka hana shi. Manomi kuma a ransa guminsa ake so a ci a banza. Kowannensu yana da gaskiyarsa.

Sai fadama. Ita ce mafakar shanu daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Madatsun Tiga da Bakolori a shekarun 1970, da na Challawa a 1992, sun sauya yadda ruwa ke malala a ƙasan kogunan, shirin Fadama na Bankin Duniya da aka fara a farkon shekarun 1990 kuma ya baza injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse. Alheri ne babba ga mai tumatir da albasa da alkama, ba mai musun haka. Sai dai kashin farko na shirin bai yi lissafin makiyayi ba, sai a kashi na biyu aka fara sa shi cikin masu amfani da fadama. Bakin kogin da garke ke gangarawa ya sha ruwa ya zama lambu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Saniya ɗaya da zafin bazara tana shan lita 30 zuwa 40 a rana. Garken hamsin yana neman abin da ya kai lita 1,500 ko fiye, kullum. Wanda ke da irin wannan ƙishirwa a gabansa, ga ruwa yana gani, ga lambun albasa a tsakani, ba sai an faɗi abin da zai faru ba.

A duba yadda ƙaramar ɓarna ke zama gawa. Ƙarshen Oktoba ne ko Nuwamba, an girbe gero tun Satumba, amma dawa da wake da auduga suna tsaye. Ciyawa ta bushe a arewa, tafkuna sun fara ƙafewa, garkuna sun kamo hanya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ne ke gaban shanu, da magariba suka faɗa gonar wake, suka ci kamar rabin kadada. Da safe mai gona ya bi sawu, ya iske ruga, wataƙila ma ba ita ta yi ɓarnar ba, masu laifin sun yi gaba cikin dare. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda. A kama mutum biyu da saniya uku. Kafin a sake su an sayar da sa guda, kuɗin ya tafi wajen beli da ɗan rakiya da mai shiga tsakani, wanda ake kira lauyan daji. Mai gona da ya yi asarar buhu biyu na wake bai samu ko tiya ba, ko kuma an ba shi abin da bai kai kuɗin motar da ya kashe ba. Bafulatani ya yi asarar abin da ya ninka ɓarnar sau biyar. Su biyun duk sun tashi da darasi guda: zuwa hukuma asara ce. Baɗi mai gona zai kwana a gonarsa da adda, makiyayi zai zo da abokai. An bar jaki ana dukan taiki, mai cin ribar kuwa yana zaune a ofis.

Wannan ne ya sa maganar a killace shanu kowa ya yi kiwon zamani ba ta gamsar da ni a matsayin maganin yau. Ƙidayar dabbobi ta ƙwarai da aka yi ta jirgin sama a 1990 ta samu shanu kusan miliyan 14. Yanzu ana ƙiyasta kimanin miliyan 20. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kamar kilo 6 a rana, wato fiye da tan biyu a shekara. A dajin arewa da ba a shuka masa ciyawa ba, sai an ba ta hekta uku ko fiye kafin ta ga shekara a wuri ɗaya. A ninka da miliyan 20, a tuna duk faɗin Nijeriya hekta miliyan 92 ne. In kuma ciyawa za a shuka a yi mata ban ruwa, to Bunaji da Rahaji da Bokoloji da ke ba da lita ɗaya ko biyu a rana bayan ɗan maraƙi ya sha ba za su biya kuɗin ba. Sai an sauya iri, an samu wutar sanyaya madara, an samu mai saye a kan kari. Aiki ne na shekara ashirin ko talatin, kuma ya kamata a fara shi. Amma kaka tana zuwa kowace shekara, ba ta jiran tsari. Jihar Binuwai ta fara aiki da dokar hana kiwon sake a Nuwamban 2017 ba tare da an tanadi inda shanun za su koma ba, watanni biyu bayan haka aka yi jana'izar mutum 73 a Makurɗi. Shirin Ruga na gwamnatin tarayya, na gina wa makiyaya matsugunai, ko tashi bai yi ba aka dakatar da shi a Yulin 2019.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya, kuma jini ne ya koya musu. A Oktoban 1991 aka kashe Fulani fiye da ɗari a Toda, cikin jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yara. A 1993 suka kafa dokar karkara wadda ta samar da kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, inda sarakuna da ma'aikatan gona da na dabbobi da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. A 2010 suka ƙara da dokar kiwo wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta kuma hana mallake filayen kiwo na jama'a. Tun 1961 ma suna da iyakar da aka ce noma ya tsaya daga arewa. Abu biyu nasu sun fi burge ni. Na farko, turakun siminti da ake kafawa a gefen burtali, kowa yana gani. Na biyu, ranar sakin gonaki: hukuma ta zauna da ɓangarorin biyu, a duba yadda damina ta kasance, a sa rana, a yi shela a rediyo. Kafin ranar, saniyar da ta shiga gona mai ita zai biya. Bayan ranar, wanda ya bar amfaninsa a fili ba kariya shi ya jiyo. Ba aljanna ba ce; a Nuwamban 2016 an kashe kusan mutum 20 a Bangi ta jihar Tawa, kuma can ma masu kuɗi na cin filayen kiwo. Amma in rigima ta tashi akwai takarda, akwai turke, akwai wanda za a tambaya. A gida ma Jigawa ta gwada irin wannan, da hukumar sasanta manoma da makiyaya da famfunan iska a makiyayu, kuma ko da yake Guri da Kirikasamma ba su huta gaba ɗaya ba, ba a haɗa ta da Zamfara.

Aikin da nake kira a yi ba mai ƙyalli ba ne, ba a kuma yanka masa kintinkiri. A kowace gunduma a fita da dagaci da arɗo da dattawan da suka yi kiwo ko noma a wurin tun suna yara, a taka burtalin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, ma'aikacin safiyo yana ɗaukar alamar wurin da na'ura. A yi shi tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da gona ba komai. Wanda ya je tuge wa mutum dawa a Agusta fitina ya je nema. Inda gidaje ko makaranta suka riga suka hau hanyar, kada a ce sai an rushe, a karkatar da ita a biya mai gonar da aka ratsa. A kafa turakun siminti a tazarar da in ka tsaya a ɗaya kana hango na gaba, da gindi mai zurfi da faɗi, domin turken da mutum biyu za su iya girgizawa a daren Juma'a zai matsa. A dasa aguwa a tsakaninsu, tunda dabba ba ta cin ta kuma reshe kawai ake cakawa ya kama. Abin da ake yawan mantawa shi ne zango: garke ba ya wuce tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a yini, saboda haka burtalin da ba shi da wurin kwana da ruwa a irin wannan tazara, rariya ce kawai da za ta zubar da shanu cikin gonaki. Kuma a haɗa da jiha maƙwabciya. Hanyar da ta mutu a kan iyakar Katsina da Kaduna ba ta amfani kowa ba. Ga masu tsallako iyakar ƙasa, tun 1998 ECOWAS ta tanadi takardar shaidar yawon kiwo mai nuna yawan dabbobi da rigakafinsu da hanyar da za su bi. A fara tambayarta, a kuma sauƙaƙa samunta.

Sannan ƙimanta ɓarna. Kwamitin mutum biyar ya isa: dagaci, arɗo, malamin gona, manomi ɗaya, makiyayi ɗaya. Su isa gonar cikin kwana biyu, kafin sawu ya ɓace kuma kafin zuciya ta kumbura. A auna faɗin inda aka ci, a gwada da abin da gefen da ba a taɓa ba zai bayar, a yi kuɗi da farashin kasuwar makon, a rubuta takarda uku. Ɗan sanda ba shi da hurumi sai in an zubar da jini ko an ƙi biya. Irin wannan hukunci kuma ya hau kan wanda ya noma burtali daidai da yadda ya hau kan mai shanu, in ba haka ba arɗo ba zai sake zuwa zaman ba. 'Yan kwamitin a ba su alawus daga asusun ƙaramar hukuma, domin wanda aka sa aiki ba a biya shi zai biya kansa daga aljihun masu ƙara. Ni da za a bi tawa, sai a dawo da rajistar garkuna da ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane kai, da rasit, a ajiye kuɗin a gundumar don allurar rigakafi da gyaran mashaya. Na san sunan jangali kaɗai yana tayar da tsohon miki. Amma makiyayi yanzu ma yana biya, ninkin-ba-ninkin, ga ɗan sanda da ɗan sa-kai da ɓarawon daji, ba tare da takardar da zai nuna ya ce shi ma ɗan ƙasa ne mai haƙƙi a kan rijiya ba.

Wani zai ce duk wannan ya makara, tunda a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja magana ta wuce ɓarnar gona, ta koma satar mutane da harajin bindiga. Gaskiya ne, turken siminti ba zai karɓe bindiga daga hannun wanda ya ɗanɗani kuɗin fansa ba. Wannan aikin jami'an tsaro da kotu ne, kuma Fulanin da aka kwashe wa shanu suna cikin waɗanda suka fi shan wuyarsa. Amma yawancin ƙananan hukumomin arewa ba su kai can ba tukuna. Suna inda Ɗansadau da Birnin Gwari suke shekara ashirin da suka wuce, ana rigimar rabin kadadar wake. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, sai dai ƙasa a hannun gwamnoni take, ba a hannun Abuja ba. Wanda ke son sanin ko gwamnansa da gaske yake, ya buɗe kasafin kuɗin jiharsa na bana, ya nemi layin safiyo da turakun burtali, ya ga nawa aka sa, sannan ya je ƙauyensu a watan Maris ya duba ko an sauke siminti.